Kogin Gambiya: Daga Duwatsun Futa Jallo Zuwa Teku

'Yan'uwa manoma, yawancinmu hali ɗaya muka san kogi da shi. Da damina ya cika ya malala cikin fadama, da rani ya janye ya bar yashi, mu tona mu ɗebi ruwa. Ruwansa kuwa kullum gaba yake yi, ba ya komowa. To, akwai wani kogi a nan Afirka ta Yamma wanda yakan yi gaba ya komo baya sau biyu kowace rana. Ruwansa kuma a wani wata yana da daɗin sha, a wani wata sai ya yi gishiri har ya ƙone shinkafa. Wannan shi ne kogin Gambiya.

Tsawonsa kimanin kilomita 1,120 ne, watau daidai da layin dogo daga Ikko zuwa Kano. Ya ratsa ƙasashe uku: Gini, da Senegal, da Gambiya, kana ya faɗa Tekun Atalantika a birnin Banjul. Kwara da Binuwai sun fi shi girma nesa ba kusa ba. Amma an datse Kwara a Kainji a 1968, an datse Binuwai a Lagdo ta Kamaru a 1982, shi kuwa ƙarni na 20 ya zo ya wuce ba a gina masa babbar madatsa ko ɗaya ba. Saboda haka a jikinsa ne za mu iya ganin yadda kogi yake aikinsa in an bar shi da halinsa. Bari mu bi shi tun daga kai har zuwa baki.

Mafarin kogi

Kogin ya faro ne a tuddan Futa Jallo na ƙasar Gini, kusa da birnin Labe. Wurin ya fi mita 1,000 bisa teku, kusan tsayin Jos ke nan. A nan ɗan rafi ne kawai, Fulanin ƙasar suna kiransa Dimma.

Ruwan sama yana da yawa a waɗannan tuddai. Iska mai laima takan taso daga teku, ta bugi duwatsu, ta hau sama, ta yi sanyi, sai ta zubar da ruwan da ta ɗauko. Damina takan fara a watan Mayu ta kai Oktoba. Abin da ke sauka a Labe cikin shekara ya kai mita ɗaya da rabi, kusan ninki biyu na abin da Kano ke samu a yawancin shekaru. Shi ya sa koguna da dama suka fito daga nan: Bafin, wanda shi ne babban reshen kogin Senegal, da Faleme, da Konkure, da kuma Tinkiso wanda ke zuba cikin Kwara. Ashe wani ɓangare na ruwan da ke wucewa ta Yawuri da Lakwaja, tudu ɗaya suka fito da kogin Gambiya.

Bisa tuddan akwai filaye na marmara mai tauri, irin fakon da garma ba ta kama shi. Fulani suna ce musu bowal. Ruwa ba ya nutsewa sosai a kansu, gudu yake yi ya gangara cikin kwaruruka. A cikin kwarurukan ne ake samun kurmi da ƙasa mai zurfi, su ne ke shanye ruwa su riƙe, su riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan bayan damina ta ɗauke. Manoman wurin suna shuka acca a gangaren dutse. Mata kuma suna da lambuna a kewayen gida, waɗanda aka shinge da itatuwa masu rai, ana zuba musu kashin shanu da ganye da toka kowace shekara, ana shuka masara da gwaza da dankali da kuɓewa. Ku riƙe wannan a zuciya: in aka sare kurmin bakin rafi, ko aka riƙa cinna wa gangare wuta kowace shekara, ruwa zai sauka gaba ɗaya da damina, da rani kuwa babu abin da zai biyo baya. Za mu ga wanda ke biyan wannan bashi can a gaba.

Daga Labe zuwa teku, in an miƙe kamar tsuntsu, bai kai kilomita 300 ba. Amma gangaren da kogin ya samu arewa yake kallo. Don haka sai ya ba teku baya, ya nufi arewa, daga baya ya karkata yamma, ya yi ta lanƙwasa har tafiyarsa ta ninka kusan sau huɗu.

Gangarowa cikin daji

Daga mafarinsa zuwa garin Kedugu na Senegal, kogin gudu yake yi bisa duwatsu. A wannan ɗan zango ne ya sauko daga mafi yawan tsayinsa. Rafukan da ke ciyar da shi su ma haka suke. A ƙauyen Dindefelo, kusa da iyakar Gini da Senegal, akwai wani da ke faɗowa daga kan dutse mai tsayin kusan mita 100. Jirgin ruwa ba ya bin wannan yanki.

Bayan Kedugu sai ya shiga gandun dajin Niyokolo-Koba, wanda faɗinsa ya fi murabba'in kilomita 9,000. An keɓe shi tun 1954, kuma a 1981 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya. Akwai zaki, da damisa, da ɓauna, da gwanki, da kyarkeci, a cikin ruwa kuma ga dorina da kada. Giginya da gora sun yi layi a bakin kogin. Da damina, musamman cikin Satumba, ruwa yakan hau ya tsallake gaɓa ya cika tafkunan da ke bayanta. Da rani kuwa, daga Maris zuwa Mayu, gudunsa yakan kusan tsayawa, sai gurabe masu zurfi nan da can. Tafkunan da ambaliya ta cika su ne mashayar namun daji har ruwa ya sake zuwa.

A gefen dajin, wajen Gulumbu a jihar Tambakunda, ƙungiyoyin manoma suna jawo ruwan kogin da injin suna noman ayaba. Mafi yawan ayabar da Senegal ke nomawa daga nan take fitowa. Ƙasar bakin kogin tana da kyau domin laka ce da ambaliya ta shimfiɗa. Amma ambaliyar da ta kawo lakar, ita ce kuma takan kwashe gonakin a shekarar da ruwa ya yi yawa.

Wani abu da ke damun wannan yanki shi ne haƙar zinariya. Masu haƙa da hannu a ƙasar Kedugu suna amfani da zaiba wajen ware zinariya daga ƙasa. Zaiba guba ce, ba ta ruɓewa. In ta shiga laka sai ta shiga kifi, daga kifi ta shiga mutum.

Inda ƙasa ta kwanta

Daga Gulumbu zuwa teku akwai sauran kimanin kilomita 500, amma a nan gindin kogin ya riga ya sauko kusan daidai da fuskar teku. Gangare ya ƙare. Ku ɗauki faranti ku ajiye a ƙasa mai daidai, ku zuba masa ruwa. In kuka ɗan taɓa gefe ɗaya, ruwan zai motsa har ɗaya gefen. Haka rabin kogin Gambiya na ƙasa yake.

Dalili kuwa shi ne, kimanin shekara 20,000 da suka wuce, sa'ad da ƙanƙara ta rufe arewacin duniya, teku ta yi ƙasa da inda take yau da wajen mita 120. A lokacin kogin ya haƙa kwari mai zurfi domin ya kai gare ta. Da ƙanƙarar ta narke sai teku ta hau, ta shigo ta cika kwarin. Shi ya sa bakin kogin yake da faɗi haka. Tsakanin Banjul da garin Bara da ke hayi akwai kimanin kilomita 5, daga ciki kuma ya buɗe ya wuce kilomita 10, har mutum ba ya ganin hayi sosai.

Ga wanda bai taɓa zama bakin teku ba, sai mu yi bayani. Teku takan cika ta janye sau biyu a kwana ɗaya, saboda jan da wata da rana suke yi wa ruwan duniya. Tsakanin cika da cika akwai awa 12 da minti 25. Cikar takan fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. A Banjul bambancin cika da janyewa bai kai mita 2 ba, amma tun da yake kogin a kwance yake, da rani ana ganin motsin har Gulumbu. In teku ta cika sai ta tura ruwan kogi baya, kwalekwale ya bi shi ya yi gabas. In ta janye sai ruwa ya juyo yamma.

Wannan hanya mai sauƙin bi ita ta jawo baƙi. Mutanen Fotugal sun shigo a 1455. Daga baya Turawan Ingila suka kafa sansani a wani ɗan tsibiri mai nisan kilomita 30 daga baki, inda aka riƙa tara bayi ana ketarawa da su. A 2011 aka sauya wa tsibirin suna zuwa Kunta Kinte. Daga bakin wannan kogi ne Mungo Park ya tashi a 1795, ya sake tashi a 1805, yana neman sanin inda Kwara ta nufa, har ya mutu a Busa. A 1889 Ingila da Faransa suka ja iyaka, suka bar wa Ingila kogin da 'yar siririyar ƙasa a kowane gefe. Ita ce ƙasar Gambiya ta yau, wadda ta sami mulkin kai a 1965. Faɗinta bai kai kilomita 50 ba a ko'ina. A zamanin cinikin gyaɗa manyan jiragen teku suna hawa har garin Kuntaur, kimanin kilomita 240 daga baki, su yi lodi.

Kokawar ruwa biyu

Yanzu mun zo gindin magana. A wannan kwari mai kwanciya ruwa iri biyu ne suke ture juna. Daga gabas ga ruwan daɗi da ya sauko daga Futa Jallo. Daga yamma ga ruwan teku, wanda kowace lita tasa tana ɗauke da gishiri giram 35. Shinkafa kuwa giram 2 ko 3 a lita ya isa ya rage mata amfani, in ya wuce haka ganyenta ya ƙone.

Inda ruwan biyu suka haɗu ba wuri ɗaya ba ne kullum. Cikin Agusta da Satumba, sa'ad da ambaliya ta sauko da ƙarfinta, takan kori gishiri ya koma yamma, a shekara mai ruwa har ƙasa da garin Farafenni. Da damina ta ɗauke, ruwan tudu ya ragu, sai gishiri ya fara hawa sannu a hankali, wata bayan wata. Zuwa Mayu ko Yuni yakan kai kusan kilomita 250 daga teku, wajen Kuntaur. Ya ɗan fi nisan Kano zuwa Kaduna ke nan. Sai sabuwar ambaliya ta zo ta sake koro shi.

Ta haka kogin ya rabu kashi uku. Kusa da teku gishiri ne shekara duka. Sama da Kuntaur, wajen tsibirin Janjanbure har zuwa Base, ruwan daɗi ne shekara duka. A tsakiya kuwa akwai dogon yanki da ruwansa ke yin daɗi na 'yan watanni, sauran shekara gishiri. Tsawon waɗannan 'yan watanni shi ne abincin dubban gidaje, kuma ba ruwan saman da ya sauka a gonarsu ne kaɗai ke yanke shi ba. Ruwan da ya sauka a duwatsun Gini, waɗanda yawancin manoman ba su taɓa gani ba, shi ne ke yankewa. Ga mai biyan bashin kurmin da aka sare a tudu.

Yadda manoma suka raba ƙasa

Mutanen bakin kogin, Mandinka da Wolof da Fulani da Jola da Sarahule, sun daɗe da gane wannan hali. Tun kafin zuwan Turawa suna noman jar shinkafar Afirka, irin wadda ake shukawa a fadamar Sakkwato da Argungu. A tudu mai jigawa maza suna noman gyaɗa da gero da dawa. Shinkafar fadama kuwa yawanci aikin mata ne.

In ka taso daga ƙauye ka nufi kogi, za ka fara tarar da fadamar da ruwan sama da ruwan gangare ke cikawa, wadda cikar teku ba ta kaiwa. Da Mandinkanci ana ce mata banta faro. Gaba da ita, dab da kogi, ga ba faro, fadamar da kogi ke shiga ya fita sau biyu a rana. A yankin tsakiya mata sukan yi rainon iri a tudu, su jira. Ba a dasawa sai ambaliya ta kori gishiri ta kuma wanke laka. Akan ɗanɗana ruwan da harshe kafin a dasa. Dole kuma shinkafar ta nuna kafin gishiri ya komo. Wadda ta makara da dashe, ko ta shuka iri mai daɗewa, gishiri ne zai riga ta girbi.

A yankin ruwan daɗi kuwa cikar teku ta zama bara mai aiki kyauta. Ku lura, ruwan da ke hawa a can ba na teku ba ne, ruwan kogin ne da teku ta turo baya. Manoma sukan haƙa magudana su sa mata ƙofa. In ruwa ya hau a buɗe ya shiga gona, a rufe. In ana son a tsane gona a jira ya janye a buɗe. Ba injin, ba man gas, ba kuɗin gyara. Da haka ana iya noma sau biyu a shekara.

A 1984 aka buɗe wani babban aikin noman shinkafa a fadamun Jahali da Pacar, mai faɗin kimanin hekta 1,500. Hekta ɗaya eka biyu da rabi ce. An ba wani sashe ruwa da injin, wani sashe da cikar kogi. Shekarun farko an sami amfani mai yawa. Amma fadamun nan tun asali mata ne ke noma su, kowace da ɗan filinta da take sayar da abin da ya fito ta yi hidimarta. Da aka gyara ƙasar aka sake rabawa, sai filayen ban ruwa suka koma gandun gida a hannun masu gida, ko da yake aikin yana nan a wuyan mata. Mata da yawa suka ja baya, waɗansu suka ce sai an biya su lada. Da kuɗin masu taimako ya ƙare, injuna suka lalace, amfani ya faɗi. Daga 1997 aka ɗauki wata hanya: ƙananan ganuwoyin ƙasa masu tare gishiri da riƙe ruwan sama, da 'yan gadoji da hanyoyi cikin laka domin mata su kai ga gonakinsu, ƙauye da kansa ke neman aikin, shi ke kuma ba da hannu. Wannan ya fi karɓuwa.

Kurmin ruwan gishiri

Daga bakin teku har kusan kilomita 200 ciki, gaɓar kogin da rassansa, waɗanda ake kira bolon, a rufe suke da wani irin kurmi da babu shi a ƙasarmu ta arewa. Itacen ruwan gishiri ne, Turawa suna ce masa mangurob, kada a rikita shi da mangwaro. Wani irinsa yana tsaye bisa saiwoyi masu kama da ƙafafu, wani kuma saiwoyinsa suna hudowa daga laka kamar tsinke domin su shaƙi iska. A wasu wurare tsayinsa ya kai mita 20.

Aikin wannan kurmi yana da yawa. Saiwoyinsa suna kama lakar da kogi ya ɗauko daga tudu, suna hana ruwa cin gaɓa. Ganyensa da ke ruɓewa shi ne abincin ƙananan kifi da jatan lande, waɗanda ke girma a nan kafin su fita teku. Ayu ma, irin wanda muka sani a Binuwai, yana zaune a cikin bolon. A jikin saiwoyin kuma wata katantanwar ruwa mai ɓawo biyu takan manne, mata su shiga da kwalekwale su ɓamɓaro, su dafa su sayar.

A dausayin Tanbi da ke bayan Banjul, masu wannan sana'a sun ga abin yana ƙarewa, gama kowa yana ɗiba kowane lokaci, waɗansu har sukan sare saiwar gaba ɗaya. A 2007 suka kafa ƙungiya mai suna TRY, wadda ta tara mata fiye da 500. A 2012 gwamnatin Gambiya ta ba ƙungiyar ikon kula da wannan sana'a a Tanbi. Matan suka yarda a tsakaninsu a riƙa ɗiba wata huɗu kawai, daga Maris zuwa Yuni, a bar sauran wata takwas abin ya girma, kada kuma a sare saiwa. Da katantanwar ta yi girma sai ta fi kuɗi a kasuwa.

Akwai wani haɗari a ɓoye cikin lakar wannan kurmi. Tana ɗauke da farar wuta da ruwan teku ya tara shekara da shekaru. Muddin lakar tana cikin ruwa babu abin da zai faru. Amma in ta bushe iska ta shige ta, sai farar wutar ta juya ta zama tsami mai ƙarfi, irin na ruwan batir. Ƙasar ta yi ja da rawaya, ko ciyawa ba ta fita. Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya sare kurmin ya tsane lakar domin ya sami gona, sau da yawa fako ya samu.

Shekarun fari

Farin da ya same mu daga 1968, ya tsananta a 1973 da 1984, ya sami wannan kogi ma. Ruwan da ke saukowa daga Gini ya ragu ƙwarai. Gishiri ya riƙa hawa da wuri, yana daɗewa, watannin ruwan daɗi suka gajarta. An bar fadamu da yawa, itatuwa suka bushe a wasu bolon.

Duk da haka, ku dubi maƙwabtansa biyu. A arewa akwai kogin Salum, a kudu akwai Kazamans, duka a Senegal. Su ma kwaruruka ne da teku ta cika, amma kawunansu a fili suke, ba su da dutse mai ruwa a bayansu. Da fari ya zo babu ambaliyar da za ta kori gishiri. Ruwan teku ya shiga, rana ta ƙafar da shi, gishiri ya taru, har can ciki ya ninka na teku sau biyu, sau uku. Kurmi ya mutu, gonakin shinkafa suka zama farin fili. Kogin Gambiya bai kai ga haka ba, gama kowace shekara, ko da kaɗan ne, Futa Jallo tana aiko masa da ruwan wanka.

Ta ɓangaren teku ma akwai abin lura. Fuskar teku tana hawa da 'yan milimita a kowace shekara saboda ɗumamar duniya. A ƙasa mai gangare wannan ba kome ba ne. A kwari mai kwanciya irin wannan kuwa, kowane ɗan ƙari yana ƙara wa gishiri ƙarfin turi, ga shi Banjul kanta da kaɗan ta fi teku tsayi.

Maganar datse kogi

A 1978 Gambiya da Senegal suka kafa hukumar raya kogin, wadda ake kira OMVG. Gini ta shiga a 1981, Gini Bisau a 1983. Cikin shirinsu na farko akwai gina ganuwa a Balingo, kusa da Farafenni, domin ta tare gishiri, mota kuma ta riƙa bi ta kanta. A ido abin ya yi kyau. Amma binciken da Jami'ar Mishigan ta Amurka ta kammala a 1985 ya nuna asarar da za a yi: kurmin da ke sama da ganuwar zai mutu, kifi zai ragu, fadamun da cikar teku ke shayarwa kyauta za su rasa wannan cika, lakar da ta bushe kuma za ta yi tsami. Ba a gina ganuwar ba. A watan Janairu na 2019 aka buɗe gada a Farafenni, mota tana wucewa ta sama, ruwa yana kai da komowarsa ta ƙasa.

A kogin Senegal kuwa an gina irin wannan ganuwa a Diyama a 1986. Ta tare gishiri, noman rani ya bunƙasa. Amma ruwa ya tsaya cik, kacalla ta cika magudanai, daga 1988 kuma tsargiya mai kama hanji ta ɓarke a garin Rishar-Tol, inda da ba a san ta ba.

Shirin da ya rage shi ne madatsar Sambangalu, sama da Kedugu, dab da iyakar Gini, domin samar da lantarki megawat 128. An sa hannu a kan kwangilar gina ta a 2020. Duk ranar da aka rufe ƙofofinta halin kogin zai sauya. Za a riƙe ruwan damina a riƙa sakinsa da rani. Wannan zai hana gishiri hawa da nisa, abin murna ga masu noman rani. Amma ambaliya za ta ragu, ita ce kuwa ke cika tafkunan daji, ke shimfiɗa laka, ke wanke fadama. Riba da asara za su dogara ga yadda masu riƙe da ƙofa za su riƙa sakin ruwa, da kuma ko za a saurari na ƙasa kafin a yanke shawara.

Abin da ya shafe mu

Mu ba mu da teku a bayan gida, amma labarin ba baƙo ba ne. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, Kano ta sami ruwan sha da noman rani, fadamun Haɗeja da Nguru kuwa ambaliyarsu ta ragu, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Kowane rafi da ke bayan ƙauyenmu yana da na sama da na ƙasa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A taronku na gaba ku tattauna waɗannan:

1. Rafin da muke noma a bakinsa, daga ina ya faro? Wa ya taɓa zuwa ya ga ko itatuwan mafarinsa suna nan?
2. In muka tare ruwa ko muka ƙara injin, su wa ke ƙasa da mu, kuma mun yi magana da su?
3. Kafin a gyara fadama a sake raba ta, su wa ke noma ta yanzu? Za a rubuta sunayen mata a kan filayensu?
4. Akwai wani abu da muke ɗiba tare, kifi ko itace ko ciyawa, wanda ya kamata mu sa masa lokacin hutu?

Sakataren ƙungiya ya rubuta abin da aka yarda a kai, a karanta shi a taron da zai biyo baya.